Ragon da Ya Jira Wuƙar Baffa

A gidanmu ba ma yanka da hannunmu. Ko kaza ce sai an miƙa ta maƙwabta. Baƙo in ya ji haka sai ya zaci wani sharaɗi ne na addininmu, alhali ba haka ba ne. Mu Kirista ne, babu abin da ya hana mu ɗaukar wuƙa. Dalilin dai shi ne rabin danginmu Musulmi ne, kuma a ƙauyenmu ba sa sakin jiki da naman da Kirista ya yanka. Baba kuwa ya ce tukunyar da ɗan'uwansa ba zai sa hannu a ciki ba, ba za a ɗora ta a murhunsa ba.

Kakanmu Bamaguje ne, ya bar 'ya'ya maza biyu. Babban, wanda muke kira Baffa, ya musulunta tun yana saurayi. Ƙaramin, wato Babana, ya bi masu bishara. Ƙauyenmu yana kan hanyar Watari, irin wuraren nan da gona ke manne da gona, gida na jin tarin gida. Tsakanin gonar Baba da ta Baffa layin gamba ne kawai. Tsakanin gidajen kuma danga ce da wata tsohuwar bishiyar ɗorawa. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka su biyun duk Uwata suke ce mini. Wannan ya ba ni bakin da ba kowace 'ya ke da shi ba, kuma na yi amfani da shi, Allah na gani.

Tun ina ƙarama na san yadda Kirsimeti ke farawa a gidanmu. Da safe Baba zai share gindin ɗorawa, ya haƙa ɗan rami saboda jini, ya shimfiɗa tabarma. Sai mu zauna jiran Baffa. Kai, Baffa da nawa! Mutum ne da ko gobara ta tashi sai ya gyara zaman hularsa tukuna. Zai fito da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, ya tsaya ya gaisa da kowa a hanya, har da wanda suka rabu da shi a masallaci ɗazu. In ya iso zai zauna ya wasa wuƙar a kan dutse, ya gwada ta a gashin hannunsa, ya sake wasawa. Mu yara yunwa na cinmu, Inna na ta leƙowa daga madafa. Baba sai ya ce, "Ku bar shi, Yaya ba ya son gaggawa."

Baffa ke yanka, Baba ke fiɗa. Ran Babbar Sallah ma haka ne, sai dai Baba ne ke tsallaka danga da tasa 'yar wuƙar, ya feɗe wa Baffa ragon layya. A kowane gida aka yi, abu na farko da ake cirewa hanta ce. Baba zai gasa ta a garwashi, ya sa a tsohon akushin mahaifinsu, ya raba biyu. Su zauna su ci su kaɗai, ba sa ba kowa, ba sa ma yin wata hira. Na taɓa miƙa hannu ina ƙarama, Baffa ya buge mini shi a hankali, ya ce, "Uwata, wannan ba ta uwa ba ce, ta 'ya'yanta ce."

Muka girma muka watse. Ni aikin koyarwa ya kai ni birnin Kano. Ƙanena, mai bi mini, ya tafi Kaduna ya yi aure can. Amma duk Kirsimeti sai mun dawo, mu cika gidan da jikoki da buhunan shinkafa da hayaniya.

A wata shekara ƙanena ya dawo da wani sabon zafi a kansa. Tun da ya sauka daga mota yake ta magana a kan wai mun cika rarrashin mutane. Ranar Kirsimeti da sassafe Baba ya share gindin ɗorawa kamar kullum, ya wuce majami'a, don shi ke buga ƙarfen kiran sujada kuma shi ke jera bencina. Ni na tafi ɗibar ruwa a famfon unguwa. Rana ta ɗaga, Baffa bai fito ba. 'Ya'yan ƙanena suka fara kukan yunwa. Inna ta ba ni labari daga baya cewa ƙanena ya miƙe ya ce, "Sai yaushe za mu daina jiran wani ya halatta mana abincinmu? Ranar haihuwar Mai Cetonmu ce, mu ma muna da sunan da za mu kira." Ta riƙe masa riga, ta haɗa shi da Allah. Ya fizge ya ɗauki wuƙar madafa.

Na dawo da ruwa a ka, na tarar da ragon bikin a kwance, ramin ya cika da jini. Ban ma sauke bokitin ba sai ga sallamar Baffa. Ya tsaya da tsummansa a hammata, ya dubi ramin, ya dubi hannun ƙanena. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ashe an hutar da ni." Ya yi wa Inna barka da biki, ya ce Allah ya maimaita mana, ya juya ya tafi da irin tafiyarsa ta kullum.

Abin da na faɗa wa ƙanena a ranar ba zai rubutu ba. Na ce masa sauri ya haifi nawa, na ce masa wanda bai san mafarin abu ba ba ya taɓa ƙarshensa, na ce masa wasu abubuwan da sai da na nemi gafarar Ubangiji a cikin sujada. Baba da ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya feɗe ragon saboda kada ya lalace, ya ajiye hantar a gefe bai gasa ba. Inna ta dafa wata miya dabam a wata tukunya, babu nama, ta aika gidan Baffa da shinkafa. Aka karɓa, aka yi godiya. Baba bai ci komai ba sai kunu.

Da yamma ya tsallaka ya ba da haƙuri. Baffa ya ce masa, "Ba komai, ya wuce." Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san irin wannan ba komai ɗin. Da ya yi faɗa ne, da an san inda za a kama a lallashe shi.

Gaisuwa ba ta yanke ba. Suna haɗuwa a bakin gamba su tambayi juna ya ruwa, ya iyali. Da Babbar Sallah ta zo, Baba ya wasa 'yar wuƙarsa ya tsallaka danga. Ya tarar an ɗauko mahauci daga Tofa, har ya kusa gama fiɗa. Baffa ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo masa fura. Da zai tafi aka ba shi cinya guda, irin kason da ake ba maƙwabci na mutunci. Inna ta ce da ya shigo gida ya ajiye cinyar, ya shige ɗaki, bai fito ba sai la'asar.

A daminar nan tunkiyar Inna ta haifi ɗan rago fari mai baƙin kunne. Baba ya ware shi ya ce na Kirsimeti ne. Ya riƙa ba shi dusa da harawa da hannunsa. Da ranar ta zo muka hallara kamar yadda muka saba. Baba ya share gindin ɗorawa, ya haƙa rami, ya shimfiɗa tabarma, ya fito da akushi. Bai je jera bencina ba, ya roƙi wani dattijo ya buga masa ƙarfe. Muka je sujada muka dawo muka tarar da shi zaune, ragon na ɗaure a turke yana tuƙa. Azahar ta yi, muka ji kiran salla, muka hango Baffa ya fita masallaci ya dawo ya shige gidansa.

Ƙanena ya ce to a kira wani maƙwabci mana, ai ba Baffa kaɗai ne Musulmi a garin ba. Baba ya ce, "Wannan ragon wuƙar Yaya yake jira." Muka ci shinkafa da miyar tumatir da albasa. Yara suka yi ta leƙa tukunya. Da rana ta faɗi Baba ya naɗe tabarmarsa, ya mayar da ƙasa cikin ramin, ya kwance ragon ya kai shi garke.

Haka aka yi a Kirsimeti na gaba, haka aka yi a wanda ya biyo baya. Ragon ya girma ya zama wani abu, ƙahonninsa suka murɗe, ya fara tunkuyar mutane. Ya taɓa kayar da Inna tana ɗauke da ƙwaryar gero, ta tashi tana kuka tana cewa, "Wannan ba rago ba ne, hukunci ne." Masu sayen dabbobi sun zo sun taya, Baba ya ce ba na sayarwa ba ne. A shekarar da fari ya taɓa mu, harawa ta yi wuya, sai da ya riƙa hawa keke zuwa wajen masu noman rani a Watari yana roƙon ciyawar bakin ruwa, tsoho da shi. Ƙanena ya daina zuwa da iyalinsa, ya ce yaransa ba za su riƙa Kirsimetin gayan shinkafa ba. Sauran dangi ma suka riƙa samun uzuri. Gidan da da ba ka samun wurin shimfiɗa tabarma ya koma ni da Inna da Baba. Na tsani ragon nan, gaskiya na tsane shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne addu'ar Baba. Kowace safiya muna durƙushe a tsakar gida sai ya sako Baffa a ciki. Ba ya cewa a sauya masa addini, ba ya cewa a nuna masa kuskurensa. Cewa yake, "Ya Ubangiji, kai ka ba ni ɗan'uwa, kai ka san ranar da za mu sake cin abu ɗaya. Ni dai ina jira." Wata safiya na kasa daurewa, ko amin ban ce ba. Na ce, "Haba Baba! Allah ba zai sauko ya jawo hannun Baffa ya tsallako da shi danga ba." Ya dube ni ya ce, "Ni ma ban ce zai sauko ba, Uwata. Nawa aikin shi ne duk ranar da Yaya ya zo ya tarar da rago."

Ni ban iya irin wannan jiran ba. Na ɗauki mayafina na nufi gidan Baffa. Na same shi a zaure yana tufkar igiya, ya danne bakinta da babban yatsan ƙafa. Na gaishe shi sama-sama, na fara. Na ce ƙaninsa na tsufa a gindin bishiya saboda shi, na ce zumunta a ƙafa take, na ce laifin yaro ne, ya za a yi a kama uba da shi. Ya bar ni na yi ta zuba har na gaji, hannunsa bai daina tufka ba.

Sannan ya ce, "Kin gama, Uwata? To zauna." Na zauna. Ya ce, "Lokacin da tsohonmu zai rasu ya kira mu. Ya ce ku duka kun bar hanyata, ɗaya ya yi masallaci ɗaya ya yi majami'a, ban hana ku ba. Amma kada ku raba akushi. Wannan maganar muke riƙe da ita ni da ubanki. Ubanki bai saki ba, na sani. Amma mu biyu mun kusa tafiya. Yaron nan shi ne gidan gobe, kuma ya nuna mini da hannunsa cewa ba ya bukatata. In na zo na yanka yau, ranar da muka kwanta dama shi ke nan, an rufe. Ki ce masa ya zo da ƙafarsa ya kira ni. Ba na son ya durƙusa, ba na son haƙuri. Ya tsaya a bakin zauren nan ya ce Baffa, rago na jira. Zan tashi."

Na fito ba yadda na shiga ba, don na je da faɗa na rasa wanda zan yi da shi. Na faɗa wa Baba. Ya ce Yaya ya fi shi hangen nesa. Na ce to ya kira ɗansa ya ba shi umarni mana. Ya ce a'a, kiran da aka yi bisa tilas Yaya zai gane shi tun daga sallama.

Don haka ni na sa ƙanena a gaba. Na kira shi a waya, ya ce shi bai yi zunubi ba, ba zai tuba daga abin da ba laifi ba. Na ce ba wanda ya ce ka tuba, kalma huɗu ce za ka faɗa. Ya ce kalma huɗun nan ma'anarsu ita ce hannunsa ƙazanta ne. Muka yi ta yi, wata da watanni. Wani lokaci in zage shi, wani lokaci in roƙe shi. Ba zan ce ba shi da tasa hujjar ba, ya ga abubuwa a Kaduna da suka ƙona masa zuciya, amma Baffa ba shi ya yi masa su ba. Abin da ya karya shi a ƙarshe hoto ne. Na ɗauki Baba a tsaye kusa da ragon na tura masa. Ya kira ni ya ce, "Yaushe Baba ya rame haka?" Na ce tun yana jiranka. Ya ce to, bana zai zo da yara gaba ɗaya, kuma zai je zauren.

Na ce masa ya zo yanzu, a ƙarshen mako, me zai jira? Ya ce aiki ya yi masa yawa, ai Kirsimeti ya kusa. Na kai wa Baba albishir. Rabon da in ga haƙoransa a waje har na manta. Ya sa aka sake dangar gindin ɗorawa, ya wanke akushi ya shafe shi da man gyaɗa. A majami'a ranar godiyar kaka ya kai damin dawa mafi girma a gonarsa, ya tsaya a gaban jama'a ya ce Ubangiji ya ji kukansa. Mata suka yi guɗa. Ni ma na yarda a ranar, na ji kunyar duk maganganun da na yi.

Ana cikin sussukar dawa, saura 'yan makonni biki, Baffa ya dawo daga gona ya ce kansa na sara. Ya kwanta bayan azahar. Kafin a samo mota ya cika.

Baba ya bi gawa har maƙabarta, ya tsaya daga baya lokacin da ake salla, ya sa hannu aka tura ƙasa da shi. Bai yi kuka a gaban mutane ba. Ƙanena ya iso washegari, ya zo ya tsaya a bakin zauren Baffa inda ake zaman makoki, ya kasa shiga, ya kasa komawa. A karo na farko a rayuwata bakina ya mutu.

Ranar sadakar bakwai da safe Baba ya shiga garke ya kwanto ragon. Ya ja shi ya tsallaka da shi, ragon na turjewa, ƙanena na tura shi ta baya. Ya samu babban ɗan Baffa ya ce, "Ɗana, wannan na mahaifinka ne, ya daɗe yana jiransa. A yi masa sadaka da shi." Ɗan Baffa ya sunkuyar da kai, ya shiga ɗakin mahaifinsa ya fito da tsumman nan. Wuƙar ce dai, bakinta ya sirance saboda wasi. Ya fuskantar da ragon gabas ya yanka.

Baba ya ce shi zai feɗe. Fatar ta yi kauri, aikin da da yake gamawa kafin ruwa ya tafasa ya ɗauke shi har rana ta take. Ba wanda ya karɓe shi, don kowa ya ga ba ya so. Naman ya tsufa, matan gidan suka yi ta ƙara itace, duk da haka sai an ja da haƙori. Aka raba gida-gida, na Musulmi da na Kirista, kowa ya ci. Wata tsohuwa daga majami'armu ta raɗa mini cewa in duba ikon Allah, ga shi an sake cin abu ɗaya. Na kawar da kai. Ni ba wannan muka roƙa ba, kuma raina a ɓace yake da Allah a ranar, ba zan ɓoye ba. Har yau in na durƙusa akwai tambayar da nake yi masa, bai ba ni amsa ba tukuna.

Ina tsaye a bakin madafa na ga Baba ya ciro hantar. Ya nemi garwashi ya gasa ta da kansa. Ashe ya taho da akushin a cikin babbar rigarsa. Ya koma gefen zaure inda Baffa ke zama yana tufka, ya zauna, ya raba hantar biyu. Ya rufe ido ya yi godiya kamar yadda yake yi a kan kowane abinci. Ya ci nasa rabin a hankali. Ɗaya rabin ya matsar da shi gefen akushin, ya ɗora faifai a kai.

Mutane suka yi ta shigowa gaisuwa suna fita. La'asar ta yi, aka tashi salla, zauren ya zama babu kowa sai shi. Ƙudaje suka fara zagaya faifan. Na je na durƙusa kusa da shi, na ce, "Baba, mu tafi gida. Kawo akushin in ba yara ragowar, kada ta lalace."

Na miƙa hannu. Ya dafe faifan da tafinsa, bai dube ni ba.

Ya ce, "Ki bar shi tukuna, Uwata. Yaya ba ya son gaggawa."